Waƙar Ɗan Ƙodago da Sharhinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, waɗannan baitoci biyar ne domin 'yan'uwanmu masu neman abinci a ƙarƙashin wani: masu gadi, da 'yan dakon kasuwar Kumasi, da masu aikin gonar koko.

Ka sai da ƙarfinka, ɗan'uwana, ka ci halas,
Wuyanka na Allah ne, shi ba ya sayuwa.

Ka je da wuri, ka yi aikinka ba ha'inci,
Ko da idon maigida bai zo yana dubawa.

Musa ya yi kiwo a Madyana shekara goma,
Wa'adi ya cika, ya tafi, ba mai tsarewa.

In an kira salla, aje kaya, ka amsa,
Wannan sa'a ba ta cikin abin sayarwa.

Ka gai da babba da ladabi, ka bar maula,
Mai ba shi, Shi ke ba ka, ba Ya gazawa.

SHARHI

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, abin da malaman fiƙihu ke kira ijara, wato ƙodago, ciniki ne kamar sauran ciniki, sai dai abin sayarwa a cikinsa amfanin mutum ne, ba mutumin ba. Ɗa ba ya sayuwa a shari'a ko da shi ya kai kansa kasuwa. Saboda haka malamanmu na Malikiyya suka shardanta a san lada, a san aikin ko wa'adinsa, tun ba a ɗaga fartanya ba. Wanda ya karɓi gonar koko a kan abusa ya san kashi ɗaya cikin uku nasa ne, wannan kuwa yana kusa da abin da littattafanmu ke kira musaƙa. Amma wanda aka ce wa "zauna tukuna, ba za mu ɓata ba", ba lada sananne, ba ranar gamawa, to ta wannan kafa bauta ke shigowa.

Baiti na biyu a fili yake. Mai gadin da ke barci ya ci haram, kuma mai ha'inci ba ya iya ɗaga ido ya nemi hakkinsa.

Na uku shi ne tushen waƙar. Duba Suratul Ƙasas, daga aya ta 23 zuwa ta 28. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya iso Madyana yana baƙo, ba guzuri, ba dangi. 'Yar dattijon ta yabe shi da abu biyu, ƙarfi da amana. Dattijon ya yanka masa shekara 8, in ya cika 10 to kyauta ce daga gare shi, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ba ya nufin ƙuntata masa. Musa, duk da yunwa da baƙunci, bai sunkuyar da kai ya ce "duk yadda ka yi" ba. Ya maimaita sharaɗin, cewa kowanne wa'adi ya cika ba za a ƙara masa ba, ya sa Allah shaida. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa mafi tsawon ya cika. Ka ga ya ba da fiye da abin da ake bin sa, amma da zaɓin kansa, sannan ya ɗauki iyalinsa ya kama hanya. Iyayenmu da suka ga 1969, sa'ad da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, sun san gidan maigida ba gidanka ba ne. Ka riƙa ajiye guzuri.

Na huɗu, lokacin sallar farilla ba ya shiga cikin jinga, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Sai dai kada wani ya fake da wannan, ya shimfiɗa buzu tun azahar har la'asar yana jan carbi, aikin mutane na jira. Farilla muka ce. Lazimi da wazifa lokacinsu da yalwa, ka yi su a lokacinka na kanka.

Na biyar, gaisuwa daban, maula daban. Mun ga dattijo da furfura yana kai wa maigida gulmar abokan aikinsa don a ƙara masa abin goro, wannan ya sayar da abin da ba a taya ba. Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya yarda da shi, da ya yi hijira zuwa Madina, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya sa masa albarka, ya nemi a nuna masa kasuwa. In kuwa maigida ya umurce ka da tauye mudu ko shaidar zur, ka ƙi cikin ladabi. In ya nace, ka miƙa masa mabuɗansa gaban shaidu biyu, ka karɓi ladan kwanakin da ka yi. Wallahu a'alamu.