FITSARIN KYANWA A CIKIN GIDA: NAJASA NE, AMMA SHIN LAIFI NE?

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin halittu, Wanda Ya hore wa ɗan Adam dabbobi, Ya kuma ɗora masa alhakinsu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, akwai wata tambaya da take yawan iso mana a nan Tawa, mafi yawa mata ne suke aiko ta ta bakin mazansu. Ga ta: kyanwa, wadda mu Adarawa muka fi kira mussa, ta yi shekaru cikin gida lafiya, sai ga shi ta soma fitsari bisa katifa, ko jikin buhun hatsi, ko ma bisa dardumar salla. Mene ne hukuncin sallar da aka yi a kai? Kuma ya halatta a doke ta, ko a kore ta, ko a kashe ta? Wani zai ce wannan magana ba ta kai a ɓata mata takarda ba. Mu kuwa muna ganin ta kai, domin tana taɓa ingancin salla, tana taɓa ran wata halitta, kuma mun san gidajen da irin wannan ya kai su ga zargin juna da sammu.

Mu fara da mafi sauƙi, watau hukuncin tsarki. A mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta muka tashi, jikin kyanwa mai rai tsarkakakke ne, haka yawunta da sauran ruwan da ta sha, matuƙar ba a ga najasa a bakinta ba. Asalin wannan yana cikin Muwaɗɗa, a labarin Kabsha ɗiyar Ka'abu bin Malik, matar ɗan Abu Ƙatada (R.A.): ta zuba wa surukinta ruwan alwala, kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha, da ya ga Kabsha tana mamaki sai ya shaida mata cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kore najasa daga kyanwa, ya lissafa ta cikin masu kai-komo a tsakanin mutanen gida. Amma fitsarinta da kashinta najasa ne, domin Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya sanya ta cikin dabbobin da aka karhanta cin namansu, kuma abin da ya fita daga irin waɗannan dabbobi ba ɗaya yake da na tunkiya ko saniya ba.

Yadda za a yi da shi kuwa, duk wanda ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya sani. In an gane wurin, shi za a wanke da ruwa tsarkakakke. In wurin ya ɓace, a wanke tufar duka. In ana shakka ko ya taɓa, a yayyafa ruwa. Wanda ya yi salla da shi bisa mantuwa, ya tuna bayan sallama, sai ya sake ta muddin lokacinta bai fita ba. In fitsarin yana can gefen tabarma, inda mai salla ba ya tsayawa kuma ba ya sujada, sallarsa ta yi. Wari ko launin da ya ƙi fita bayan an yi iyakar ƙoƙari, an yi rangwame a kansa. Sai dai a kula: a wurinmu bushewar rana ba ta tsarkake daɓe, ruwa ne yake tsarkake shi.

To, daga nan ne mutane da yawa suke zamewa. Suna jin an ce najasa, sai zuciya ta fassara musu da laifi, alhali kuwa abubuwa biyu ne da shari'a ta raba tsakaninsu. Najasa hukunci ne da yake rataye ga abu, kuma maganinta ruwa. Laifi kuwa ba ya tabbata sai ga mai hankali wanda aka ɗora wa umurni da hani, ya sani, ya kuma yi nufin saɓawa. Jinjirin Ummu Ƙaisi ya yi fitsari a cinyar Manzon Allah (S.A.W.), bai wuce kiran a kawo ruwa ba. Balaraben ƙauye, wanda shi baligi ne mai hankali, ya tsuguna ya yi fitsari cikin masallacin Madina, sahabbai suka yi kansa, Annabi ya hana su katse shi, ya sa aka kwarara guga guda a wurin, sa'an nan ya kira shi ya karantar da shi cikin taushi. In jahilci ya zama uzuri ga mutum har haka, ina ga dabbar da ba a saukar mata da littafi ba, ba ta kuma san bambancin darduma da tsumma ba?

Duk da haka sai ka ji magidanci yana cewa: raini ne, ta ga ta isa da gidan ne, ko kuwa ramuwa ce don an hana ta nama jiya. Mu dubi waɗannan kalmomi da kyau. Raini, da isa, da ramuwar gayya, dukkansu cututtukan zuciyar ɗan Adam ne, waɗanda malaman tarbiyya irin su Imamu Gazali suka cika littattafai da maganinsu. Mu ne muka san su, don haka muke ara wa kyanwa su, domin fushinmu ya sami wurin sauka. Har a ƙasashen Turai an daɗe ana fassara wannan hali da neman mulki, amma likitocin dabbobi na yanzu sun bar wannan fassarar. Abin da suka tabbatar shi ne tsoro da rashin natsuwa suna cikin manyan dalilai. Manomin da ya amince da maƙwabcinsa ba ya wuni yana ƙara duwatsu a iyakar gona. Mai fargaba ne yake yin haka. Fitsarin da muzuru yake fesawa jikin bango ko ƙyaure, yana tsaye, wutsiya a sama tana karkarwa, duwatsun iyakarsa ke nan. Kuma abin da ya sa take zaɓen shimfiɗar maigida ko dardumarsa, a nan ƙanshin wanda ta saba da shi ya fi ƙarfi, sai ta gauraya nata da nasa don ta sami natsuwa. Abin da muke gani cin mutunci, a wurinta neman mafaka ne.

Ruwa ba ya tsami banza. Kyanwa halitta ce mai ƙaunar abin da ta saba, mai gane duniya da hanci fiye da ido. Baƙon muzuru da yake tsallako katanga da dare, ko sabuwar kyanwa da aka kawo aka haɗa musu kwano ɗaya, ko amarya da ta tare da sababbin kayan ɗaki, ko hayaniyar suna, ko tashi daga wani gida zuwa wani, ko yaran da suke bin ta da jifa, kowane ɗaya ya isa ya rikita ta.

Akwai kuma wani dalili da ya keɓanci zamanin nan namu, wanda muke so a tsaya a kansa. Binciken da aka wallafa a shekarar 2007 ya nuna cewa kyanwar gida ta fito ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar busasshiyar ƙasa, wadda ɗabi'arta ce ta tona rairayi ta biya bukatarta ta binne. A ƙauyukan arewacin Adar, irin su Barmu da Afala da Takanamat, da wuya ka ji ana wannan kuka, domin tsakar gida rairayi ce, bayan rumbu ma rairayi ne, kyanwa tana tsaron hatsi daga kusu, tana kuma da inda za ta kewaya. Haka tsofaffin gidajen Bilbis da Garkawa suke a da. Amma yau, da Allah Ya buɗa wa ƴan biɗa a Abijan da Libiya da sauran wurare, gidaje a Wadata da Kuwait da wasu unguwanni sun koma siminti tun daga zaure har ƙuryar ɗaki, an shimfiɗa karo, an ɗaga katanga, an sa ƙofar ƙarfe da ake kullewa da magariba. Ba mu ƙi wannan ni'ima ba, Allah Ya ƙara. Sai dai mu tambayi kanmu: a gidan da ba a bar ko taki ɗaya na ƙasa ba, ina muke so ta je? Za ta nemi abin da ya fi kama da rairayi wajen taushi da shan ruwa, kuma ba wani abu ba ne sai katifa da darduma. Abin mamaki, garin da tuddan rairayi suka kewaye shi, a cikinsa ne kyanwa ta rasa rairayi. Maganin bai kai kuɗin goro ba: tsohuwar tasa mai faɗi, a cika ta da rairayi mai laushi, a ajiye ta wuri mai inuwa nesa da abincinta da hayaniyar yara, a riƙa kwashe ƙazantar kullum. In kyanwa biyu ce, tasa uku ta fi, kuma kowace da kwanonta. Mace mai ciki kada ta yi wannan kwasa, domin kashin kyanwa yana iya ɗaukar ƙwayar cutar da take illa ga ɗan tayi.

Wani lokaci kuma ciwo ne. Kumburin mafitsara yana yawa ga kyanwa, kuma damuwa da ƙarancin shan ruwa suna tayar da shi, balle a watannin Afrilu da Mayu da zafi yake wuce awo 40. In ka ga tana yawan tsugunawa, fitsarin yana fita kaɗan-kaɗan ko da jini, tana kuka, to, mara lafiya ce kake shirin duka. In kuwa muzuru ne yake yunƙuri ba abin da yake fita, hanyar ta toshe, kuma yana iya mutuwa cikin kwana 2 ko 3. A gaggauta kai shi wurin ma'aikatan lafiyar dabbobi. Kada a ba ta parasetamol don tausayi, guba ne gare ta ko da ɗan kaɗan ne.

Game da duka da goga mata hanci cikin fitsarin, ko ta fuskar amfani ma ba shi da riba. Ba ta iya haɗa azabar yanzu da abin da ta yi ɗazu. Abin da take koya kawai shi ne maigida ya zama abin tsoro, tsoro kuwa shi ne tushen matsalar tun farko. Haka nan wanke wurin da ruwan jabel: warinsa yana jawo wasu su koma wurin, kuma haɗuwarsa da fitsari tana tayar da tururi mai cutarwa. Ruwa mai yawa da sabulu sun fi, a shanya abin a rana, a rufe ɗakin na wasu kwanaki.

Ana tambayarmu batun fiɗiye muzuru, tunda likitoci sun ce yana hana fesa fitsari ga mafi yawansu, kamar 9 cikin 10. A nan malamai sun saɓa. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta halatta fiɗiyar tumaki da awaki saboda gyaran nama, ta kawo hani ga dawakai. Shafi'awa sun hana ga dabbar da ba a cin namanta. Hanafawa kuwa, a cikin Fatawa Hindiyya, sun ambaci kyanwa da sunanta, suka ce babu laifi in akwai amfani ko tunkuɗe cuta. Abin da muka karkata gare shi shi ne halacci idan sauran hanyoyi sun gaza, domin ya fi sauƙi bisa kisa ko yasarwa, da sharaɗin likita ne zai yi da allurar kashe zafi. Dandaƙa irin ta bunsuru a bayan gida, wannan azabtarwa ce, ba mu ga fuskar halaccinta ba.

Saura waɗanda suke ɗaure ta cikin buhu, su ba yaro a babur ya kai ta can kan hanyar Abalak ya yar. Suna ganin sun kuɓuta tunda ba su zubar da jini ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Umar (R.A.) labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. A lura, ita ma wannan mata ba ta ɗauki wuƙa ba. Illar hukuncin ita ce raba dabba da ci da sha. Kyanwar da ta tashi a kan kwanon gida, a jefar da ita da bazara inda babu ruwa babu inuwa, an tsare ta ne a kurkukun da ba shi da bango. Wanda ya gaza riƙonta, ba a tilasta masa ba. Ya nemi mai rumbu ko mai shagon hatsi da yake bukatarta, ya miƙa ta hannu da hannu. Musulmin da suka gabace mu sun kai inda Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don ciyar da kyanwoyin da ba su da masu su.

Mafi muni cikin abin duka shi ne idan zargin ya tashi daga kan dabba ya faɗa kan mutum. Amarya ta tare, bayan mako guda mussa ta yi fitsari a gadon uwargida ko a na amaryar, sai tsofaffi su fara raɗa: turo ta aka yi, ba mussa ba ce, balle in baƙa ce. Daga nan sai wurin boka, sai gaba, wani lokaci har saki. Alhali tarewar ce da kanta, da baƙin ƙamshi da baƙin fuskoki da sauya wurin kaya, ta firgita dabbar. Suratul Hujurati ta hane mu da yawan zato, kuma tuhumar musulma da sihiri ba da hujja ba zalunci ne da za a tsaya a kansa gobe ƙiyama. Magidancin da wannan ya faru a gidansa, wajibinsa ne ya tsayar da maganar tun ranar farko, ya tara iyalinsa ya bayyana musu dalilin, ya sa a wanke shimfiɗar, ya aiki yaro ya ɗebo rairayi.

Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.