Ƙaryar mai ɗaukar soja: alhakin a wuyan wa yake?

'Yan uwa, ga tambayar da nake so mu duba yau: idan na gaba da kai ya ɗora maka adadin da dole ka cika, ka ga ba zai ciku ba sai da ƙarya, ka kuma yi ƙaryar, wa zai ɗauki alhakin? Zan ɗauko misali daga masu ɗaukar soja a Amurka, domin a wannan sana'a ran mutum ake ciniki a kai.

Tun 1973 Amurka ta daina tilasta wa matasa shiga soja. Sai ta ware wasu sojoji, yawancinsu masu muƙamin saje, aikinsu su bi makarantun sakandare da manyan kantuna suna zawarcin samari da 'yan mata. Mu nan matashi ne ke bin layi yana roƙon a ɗauke shi, can kuwa shi ake bi. Kowane saje akwai adadin da ake jira daga gare shi, a wancan lokacin kimanin mutum 2 a wata. Wanda ya kasa, takardar aikinsa ta ɓaci, ƙarin girma ya yi masa nisa.

Da yaƙin Iraƙi ya yi zafi, ana ta dawo da gawawwaki, sai iyaye suka fara riƙe 'ya'yansu. A 2005 rundunar sojan ƙasa ta nemi mutum 80,000, ta samu 73,000 da 'yan kai. To, a nan fa aka ga hali. Wani ɗalibi ɗan shekara 17 a jihar Colorado, mai rubutu a jaridar makarantarsu, ya je wurin masu ɗauka ya nuna kamar bai gama sakandare ba kuma yana shan wiwi. Maimakon su sallame shi, sai suka nuna masa yadda zai samu takardar shaida ta bogi, da yadda zai tsallake gwajin ƙwaya. Ashe yaron yana naɗar maganarsu. Abin ya fito a talabijin, har a ranar 20 ga Mayu 2005 rundunar ta dakatar da ɗaukar soja a duk ƙasar na yini guda don a sake karantar da ma'aikatan ƙa'idar aiki. Rahoton GAO, ofishin bincike na majalisar dokokinsu, ya nuna a 2006 cewa laifuffukan da aka tabbatar sun tashi daga 400 da ɗoriya zuwa kusan 630 cikin shekara ɗaya.

Mu yi adalci. Masu wannan aiki dubbai ne, kuma mafi yawansu ba a same su da komai ba. Wannan ma hujja ce: matsin iri ɗaya ne a kan kowa, amma wasu sun riƙe gaskiya. Ke nan matsi bai cire wa mutum zaɓi ba.

Ni a ganina alhakin biyu ne, kuma ɗaya ba ya goge ɗaya. Shugaban da ya sa adadin da ya san ba zai samu ta hanyar tsabta ba, ya kau da kai daga yadda ake cika shi, yana da nasa kason. Amma bakin da ya ce wa yaro ɓoye ciwon asmarka, kada likita ya sani, bakin sajen ne, ba na janar ba. Kuma ku duba waɗanda aka cuta. An cuci yaron da zai faɗi a filin horo numfashi ya ɗauke. An cuci abokan aikinsa da za su dogara da shi ranar da harsashi ke yawo. An cuci uwar da ta amince da maganar mai kaki. Ɗan kasuwa ya ɓoye aibin kaya, mai saye na iya dawo masa da abinsa. Wanda ya sa hannu a takardar soja fa? Ai fita ba ta da sauƙi ko da ya gano an yaudare shi.

Wani zai ce ƙasa na yaƙi, ana buƙatar mutane. Ku tuna ranar Uhudu. Musulmi ba su wuce 1,000 ba, maƙiya 3,000. Duk da wannan ƙaranci, Manzon Allah (SAW) ya duba sahu ya mayar da yaran da ba su isa ba. Cikinsu har da Abdullahi ɗan Umar, yana shekara 14, ba a karɓe shi ba sai yaƙin Handaƙ yana 15. Buƙata ba ta sa an sassauta sharaɗi ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, ko kai ba soja ba ne, in dai akwai adadin da ake jira daga gare ka ƙarshen wata, tambayar taka ce. Gara ka je gaban shugabanka da lissafin da bai cika ba, ka sha faɗa, da ka cika shi da mutumin da ka ruɗa. Kai kuma shugaba, kada ka tambayi nawa aka kawo kawai, tambayi ta yaya aka kawo su.

Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, Ya ciyar da mu da halal. Amin.