Sirrin Zoɓo da Haƙƙin Mai Sha

A nan Sabo, masu haɗa zoɓo da kunun aya sun kasu biyu. Wasu na koya wa maƙwabta haɗinsu: ɓawon abarba, citta, kanumfari, har dabino a madadin sukari. Wasu kuwa ko 'yar cikinsu ba sa gaya wa, wai kada a ƙwace musu ciniki.

To, mu dai ba ma ganin laifin mai ɓoye awonta; guminta ne, da shi take ciyar da yara. Amma abin da ke cikin gora haƙƙin mai sha ne ya sani. In mai ciwon suga ya tambaya, a gaya masa gaskiya. Kunu ya kwana ya fara tsami, Hajiya, a faɗa kafin a karɓi kuɗi.