Haƙƙin Zakin da ke Cikin Keji a Wuyan Wa Yake?

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Da wannan hujja ce malami zai kwashi 'yan makarantarsa daga Birnin Kudu ko Gwaram, a yi tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa Gidan Zu na Audu Bako da aka kafa a Kano a farkon shekarun 1970, don su ga zaki da kura ido da ido. A yanzu kuma masana kwamfuta na tsara shafuna a wayar hannu waɗanda yaro zai riƙa dubawa yana zagaya gidan dabbobi. Kafin mu yi murna, 'yan'uwana ɗalibai, ina so mu tsaya kan tambaya guda: shin daidai ne a tsare dabba iyakar ranta don yaro ya ƙaru?

Mai cewa daidai ne yana da abin faɗa. Yaron Gwaram ya san kura a tatsuniya, ya san Gizo ya sha yi mata wayo, amma dajin da kakansa ya ji kukanta a ciki yawancinsa ya zama gona. Zaki kuwa, wani bincike da aka buga a 2014 bai same shi a ko'ina a Nijeriya ba sai a dajin Kainji da na Yankari. In babu keji, ina ɗan talaka zai gan shi?

Mai cewa zalunci ne shi ma bai rasa madafa ba. Hadisi ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Sa'an nan ga misalin Kure, kusa da Yamai, inda raƙuman dawa suka ragu zuwa kimanin 50 a 1996, aka kiyaye su a sake tsakanin gonakin mutane har suka haura 600. Watau ana iya tsare ran dabba ba tare da an kulle ta ba.

Ni dai a ganina keji bashi ne. Mun karɓe wa zaki dajinsa, kuma ba mu da abin biyansa sai biyu: a kyautata masa ci da sha da wurin kwana, yaron da ya zo kallonsa kuma ya fita da sani da tausayi. In ya jefe shi da dutse don ya yi ruri, ya yi dariya ya wuce, to, an ci bashi an hana.

A nan ne nauyi ya hau kan mai tsara shafin. In ya cika shi da wasanni da maki, yaro zai tsaya gaban zaki kansa a sunkuye, ya zama an zo Kano kallon waya. Shafin kirki shi ne wanda ke sa yaro ya ɗaga kai. Ya yi masa magana da Hausa, da murya, domin ba kowane ɗan aji biyu ne ya iya karatu ba. Ya tambaye shi abin da sai ya duba zai amsa: ƙafafun kura na gaba ne suka fi tsawo ko na baya? Ya kuma gaya masa gaskiya, cewa wannan kai da kawowar da zaki ke yi bakin ƙarfe alamar ƙunci ce.

Mutanen dā da suka zana shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu, zanen da masana suka fara nazari a shekarun 1950, sai da suka ƙura wa dabba ido suka san ƙahonta da ƙirarta kafin su ɗora ta a kan dutse. Irin wannan kallon nake so a koya wa ƙannenmu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya iya tausayin abin da ke cikin keji, da wuya ya zalunci jakin gidansu. Allah ya sa mu gane.