Aikin Ɗanyen Ganye a Lokacin Ɗari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, ga hunturu ya kama. Kuka ta zubar da ganyenta, ciyawa ta bushe, amma dogon yaro da tsamiya suna nan kore shar. Gawo kuwa, cikin hikimar Ubangiji, da damina yake tsiraici domin hatsi ya samu rana, sai an yi girbi sannan ya yi tufafi.

To, mene ne ganyen nan yake yi? A jikinsa akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan yake shigar da iskar da muke fitarwa daga ƙirazanmu, ya haɗa ta da ruwan da saiwa ta jawo. Da ƙarfin hasken rana koren ganyen yake fasa ruwan, ya yi wa itacen abinci, ya saki iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. A ƙasashen ƙanƙara irin su Rasha da Kanada, yawancin itatuwa masu siraran ganye kamar allura ba sa zubar da shi, sai dai aikin yana raguwa, in ruwa ya daskare a jikinsu ya kusan tsayawa. Namu ɗarin bai kai nan ba. Abin da ke hana itace aiki a nan rashin ruwa ne, shi ya sa saiwar gawo take nutsawa can ƙasa.

Ba za mu ce muku wanda ya sare itace guda zai rasa numfashi ba, domin iska gamayya ce, kusan rabin oksijin ma daga tsirran teku yake fitowa. Amma aikin da ke fitar da iskar, shi ne ke fitar da ƴaƴan gawon da tumakinmu ke ci da rani. Dattawan Tama sun san yadda iska ke kwashe ƙasar gonaki a kwarin Majiya kafin a fara dasa layukan dogon yaro a 1975, da taimakon ƙungiyar CARE. Mutanen Keita ma sun ga amfanin dashe tun daga aikin da ya soma a 1984.

Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Mai yi wa gawo ƙwal don awakinsa, sadakar wani yake yankewa, wataƙila ma ta mahaifinsa da ke kabari. Wanda buƙata ta kama shi ya nemi izinin mai gona, ya rage reshe daga gefe, ya bar kan itacen da ganyensa. Makamashi kuwa, a tsinci busasshe.