Hawayen Wanda da Haƙƙin Mutanen Westview

A shekarar 2021, da aka gama haska shirin WandaVision mai kashi 9 a Disney+, masu kallo suka rabu gida biyu. Wanda, jarumar Marvel mai ƙarfin sihiri, ta rasa masoyinta Vision. Baƙin ciki ya sa ta killace garin Westview, ta juya hankalin mazaunansa suka koma 'yan wasa a cikin mafarkinta. Daga ƙarshe ta sake su, hakan ya sa mijin da tagwayen da ta ƙirƙira suka ɓace, ta tafi ba tare da hukunci ba.

Wasu suka ce ta biya bashinta. Wasu suka ce da sauran magana, ni ma ina cikinsu.

'Yancin da ta mayar wa mutanen nan nasu ne tun asali. Ɓarawon da ya mayar da akuya bai yi kyauta ba, ko da ya shaƙu da ita.

To me ya sa zuciyarmu ta karkata gare ta? Saboda shirin ya zaunar da mu kusa da ita, har muka ga yadda ta rasa iyayenta tana ƙarama. Uwar da ta roƙi a bar ɗiyarta ta fito daga ɗaki kuwa, 'yan daƙiƙu aka ba ta.

Tausayin Wanda ba laifi ba ne, amma yafiya haƙƙin mutanen Westview ce, ba tamu ba. In maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba za ta manta ba.