Daga Harraniya Zuwa Ƙofar Mata: Kira ga Masu Sana'ar Hannu

Masaƙa da marina, dukawa da teloli, magina da masassaƙa, da ku iyayenmu mata masu ɗinkin hula a tsakar gida, ku matso kusa. Akwai labarin da ya kamata ya iso kunnenku daga Alƙahira, domin da ku ake.

A bakin dandalin Tahrir, tsakiyar birnin, akwai tsohon ginin Jami'ar Amurka ta Alƙahira. 'Yan mishan ne suka kafa ta a 1919, kuma shugabanta na farko, Charles Watson, ɗan mishan ne da aka haifa a Masar. Yau jami'ar ba ta ƙarƙashin wani coci, Musulmi da Kirista duk suna karatu a cikinta, kuma tun 2008 ta tare a sabon mazauninta a Sabuwar Alƙahira. Makaranta ce mai tsada, sai ɗan wane da wane ko wanda ya samu tallafi. A 2011 wata malama, Bahia Shehab, ta kafa musu fannin koyon tsara zane da rubutu, irin ilimin da ake fitar da tambarin kamfani da bangon littafi da kwalin kaya da shi. To ina wannan malama ta nemo abin da ta gina bincikenta a kai? Ta bi rubutun da ke jikin masallatai da kwanuka da tufafi da tsofaffin littattafai, aikin mutanen da suka yi gumi suka wuce, akasarinsu ko sunansu ba a adana ba. A ɗakin ajiyar littattafai na jami'ar kuma akwai takardun Hassan Fathy, mashahurin mai tsara gine-gine na Masar, wanda sai da ya je yankin Aswan ya ɗauko maginan Nubiya kafin ya iya ɗora tulluwar tubalin laka ba tare da katako ba. Ɗalibin da iyayensa suka zuba maƙudan kuɗi yana zaune a ɗaki mai sanyi, yana nazarin abin da magini ya sani tun yana yaron maigidansa. Ku riƙe wannan da kyau.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai yana wajen gari, a ƙauyen Harraniya, kusa da dalar Giza a kan hanyar Saƙƙara.

Ramses Wissa Wassef Bakibɗe ne, wato Kiristan Masar, an haife shi a 1911. Ya yi karatun tsara gine-gine a birnin Faris, ya dawo yana koyarwa a kwalejin zane a Alƙahira. Mutum ne da ya samu duk abin da ɗan boko ke nema. Sai dai abu ɗaya ya hana shi sakat: yana ganin inji yana kashe sana'ar hannu, makaranta kuma tana koya wa yara kwaikwayo har su manta cewa su ma suna da ido. A farkon shekarun 1950 shi da matarsa Sophie suka sayi fili a Harraniya, suka jawo yaran ƙauyen, 'ya'yan manoma waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalamin zane ba, da yawansu 'ya'yan Musulmi. Bai yi musu jarrabawa ba, bai tsaya tantance mai baiwa da marar baiwa ba. Ya ba kowa ƙaramar masaƙa da zaren ulu, ya nuna musu yadda ake ratsa zare, sannan ya kafa sharuɗɗa uku. Ba a zana hoton a takarda kafin a fara. Ba a kwaikwayon aikin kowa. Babba kuma ba ya tsayawa a kan yaro yana kushe masa aiki.

Ku da kuka san masaƙa, ku auna nauyin sharaɗin farko. Masaƙin Harraniya yana farawa daga ƙasa ya yi sama, layi bisa layi. Bishiyar dabinon da zai saƙa, da jakin da ke ƙarƙashinta, da agwagin da ke cikin kududdufi, duk a kansa suke. In ya saƙa saiwa yau, sai bayan makonni zai iso ganye, kuma abin da ya wuce ya wuce, ba a gogewa. Babban aiki yakan ci watanni, wani ya haura shekara. Rinin ma ba na kanti ba ne: Wissa Wassef ya dasa lambu na tsirran rini a wurin, shuɗi daga baba, irin baban da marinan Ƙofar Mata ke zubawa a karofi, ja daga saiwar wani tsiro, rawaya daga wani ganye. Ɗakunan aikin da tubalin laka aka gina su, da tulluwa da baka, kuma ginin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1983, shekara tara bayan rasuwar mai shi a 1974.

Yaran nan sun girma a gaban masaƙa, wasunsu sun tsufa a kanta. An baje saƙarsu a manyan gidajen nune-nune na Turai, kuma kowane aiki da sunan wanda ya saƙa shi ake kiransa. 'Ya'yan Wissa Wassef mata, Suzanne da Yoanna, suka ɗora daga inda ya tsaya, suka raini wani sabon rukunin masaƙa. Da abin ya karɓu, shaguna suka cika hanyar Saƙƙara suna kwaikwayon salon, amma mai ido yana bambanta na asali da na kwafi, kuma farashin ma ba ɗaya ba ne.

Me wannan bawan Allah ya ƙara wa yaran? Hannun nasu ne, idon nasu ne, ƙauyen da suke saƙawa nasu ne. Abin da ya ba su shi ne yarda, ya ce abin da ke kanku ya isa a saƙa. Mu kuwa a nan sau nawa yaron shago ya zo da sabon yanka ko sabon surfani, aka daka masa tsawa aka ce ba haka muka gada ba? Ina girmama gado ƙwarai, amma aska takwas ɗin da muke taƙama da ita a ƙirjin riga, akwai ranar da wani ya fara zana ta, kuma a ranar sabuwa ce fil.

Na san abin da ke ran wasu iyaye da zarar an ambaci makarantar da Kirista suka kafa, ko malami Kirista. Damuwa ce ta gaskiya, kuma uba yana da haƙƙin ya bincika inda ɗansa zai kwana da wanda zai zauna da shi. Sai dai tarihin Masar yana da abin faɗa a nan. A zamanin halifofin farko an lulluɓe Ka'aba da farin yadin Masar da ake kira ƙabaɗi, sunan da ya samo asali daga Kibɗawa masu saƙa shi. Bayan haka ƙarni bisa ƙarni a Masar ake ɗinka rigar Ka'aba a kai Makka, har farkon shekarun 1960. Marubutan tarihi sun ruwaito cewa maginin da ya tsara masallacin Ibn Tulun, wanda aka kammala a 879 kuma yana tsaye har yau, Kirista ne. Magabata ba su ji kunyar karɓar gwaninta daga hannun da ya iya ba, kuma hakan bai rage musu addini ba. Ga 'yan'uwanmu Hausawa Kirista kuwa, na Wusasa da sauran wurare, akwai Cibiyar Nazarin Kibɗawa da aka kafa a Alƙahira a 1954, inda Isaac Fanous ya shafe shekaru yana koyar da zanen coci irin na gargajiyarsu, da launin da ake kwaɓawa da gwaiduwar ƙwai a shafa a kan allo. Shi ma tsohuwar sana'a ya tarar ta yi rauni, ya tashe ta, ya bar almajirai kafin rasuwarsa a 2007.

Wanda kuma ke ƙyamar zanen mai rai, fagen nan ya fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Alarammar da ke yi wa allo zayyana ranar sauka, da maginin da ke fitar da dagi a fuskar soro, da baduku mai yanka fata yana jera launi a jikin jaka, duk aikin tsara zane suke yi, ko da ba su taɓa kiransa haka ba.

Yanzu mu shiga tsohon garin Alƙahira. In ka fito ta ƙofar Bab Zuwaila za ka faɗa wata kasuwa mai rufi da Ridwan Bey ya gina a ƙarni na 17, layin masu ɗinkin tanti, Khayamiyya. Shagunan ƙanana ne, maɗinki na zaune ya tanƙwashe ƙafa, yadi a cinyarsa. Yakan ninke takarda ya zana ɓangare ɗaya na adon, ya bi layin da allura yana hudawa, ya buɗe takardar ya shimfiɗa a kan yadi, ya barbaɗa garin gawayi ko alli. Da ya ɗaga takardar sai ga adon ya fito ɗigo-ɗigo. Sannan ya ɗauki ƙyallen auduga mai launi, ya yanka da babban almakashi, yana lanƙwasa bakin da tsinin allura yana ɗinkewa, da sauri har ido ba ya iya bin hannun. Da irin wannan aiki ake kafa rumfunan biki da na zaman makoki da na buɗa-baki a watan azumi.

Su ma abin da ya same ku ya same su. Inji ya zo yana buga adon nasu a kan yadi mai arha, masu rumfa suka koma can, kamar dai yadda yadin da ake bugowa daga Sin ya cika Kantin Kwari da kwaikwayon rininmu da atamfarmu. Da yawa sun bar sana'ar. Waɗanda suka tsaya ba su tsaya suna kuka ba. Suka rage girman aikin ya koma abin ratayawa a bango da rigar matashi da shimfiɗar gado, suka ƙara ƙanƙanta ɗinkin yadda inji ba zai iya ba, suka shigo da rubutun Larabci da furen bado da tsuntsaye. Wasunsu sun kai aikinsu baje koli a Ingila da Amurka da Ostareliya, suna ɗinki a gaban jama'a ana kallo, har aka yi fim a kansu a 2015. Inji ya fi ku sauri, ya fi ku arha, wannan ba gardama. Abin da ba ya iyawa shi ne ya ƙago abin da ba a taɓa gani ba, kuma nan ne abincinku yake.

Kada ku ce wannan sai Masar. Ladi Kwali ba ta yi boko ba, tukwane take ginawa irin na matan Gwari, ta shiga cibiyar tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja, a 1954. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma ga hotonta nan a bayan naira 20 tana aiki. Babban Gwani Mika'ilu ya ɗaga bakan masallacin Juma'a na Zariya da laka da azara a ƙarni na 19, yau masu digiri a fannin gini suna zuwa da ma'auni suna neman gane yadda ya yi. A Zariyar dai, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya suka ce ba za su zauna suna kwaikwayon Turawa kaɗai ba, sai sun haɗa da zanen gidajensu.

Saboda haka ina roƙonku, in ɗanku ko 'yarku ta ce zane take son karantawa, kada ku ce ta rasa abin yi. Ɗan marini da ya karanci haɗa launi da tsara kaya, ya iya kwamfuta, ya dawo bakin karofin ubansa, ya fi ƙarfin wanda ya san littafi kaɗai, ya kuma wuce inda uban ya tsaya. In Alƙahira ce, ba Jami'ar Amurka ce kaɗai ƙofa ba. Akwai kwalejin zane ta gwamnati a Zamalek, wadda asalinta ya koma 1908, akwai ta fasahar kayan amfani, akwai kuma Gidan Jameel a Fusɗaɗ, unguwar magina tukwane, inda tun 2009 ake koyar da lissafin zayyana da sassaƙa da aikin tagulla da tangaran. Garin kuma ba baƙo ba ne gare mu, ɗalibanmu sun daɗe suna cika zaurukan Azhar, yaro ba zai rasa wanda zai yi Hausa da shi ba. In guzurin bai kai Masar ba, sashen zane da na tsara kayan masana'antu suna nan a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru.

Ku kuma da shekaru suka ja, ba ku makara ba. Ku sa sunanku a jikin aikinku, ko da ɗan tambari ne a cikin hula ko ƙarƙashin takalmi, domin mai saye ya san wa zai nema in ya dawo. Ku sa yaro ya ɗauki hoton kowane sabon aiki da waya kafin ya bar shago. Adon da kuka gada daga iyaye, wanda yanzu a kanku kaɗai yake, ku sayi littafi ku zana shi, ku rubuta sunansa da sunan wanda ya koya muku. In dillali ya taya aikin wata guda da kuɗin kwana uku, ku ce albarka, ku faɗa masa kwanakin da ya ci ba tare da sunkuyar da kai ba. Sannan a cikin mako ku ware yini ɗaya, ku miƙa wa yaron shago ƙyalle ko fata ko zare, ku ce ya yi abin da ke ransa, ku fita ku ba shi wuri har ya gama.